Gemun Auduga: Bayani a Kan Wasan Kwaikwayon 'Yan Makaranta

Duk wanda Allah Ya nufa da zaman makarantar kwana a ƙasar nan tamu, ko da na shekara guda ne, da wuya ya manta da wani dare daga cikin dararen ƙarshen zango, wanda ake kwashe kwanonin tuwo tun rana ba ta faɗi ba, a jawo teburan ɗakin cin abinci a haɗa su baki da baki, a ɗaure ƙafafunsu da igiya don kada su rabu da mutum a kai, sa'an nan a yaye zannuwan gado huɗu ko biyar a rataya bisa waya a ce ga labule. Da an idar da sallar lisha sai a jera kujeru a gaba domin hedimasta da malamai da baƙin da aka gayyato daga cikin gari, yara kuwa su cika bencina har bisa tagogi, kuku da mai gadi da masu wanki su tsaya daga bakin ƙofa, kowa ya zuba ido yana jiran a kaɗa ƙararrawa. In an ja labule, sai ka ga yaron nan da ka sani, wanda jiya-jiya aka yi wa bulala saboda makara, ya fito cikin babbar riga ta aro da rawanin da ya yi masa yawa, yana taƙama yana gyaran murya, dogarai biyu na biye da shi suna yi masa hattara, har malamin da ya yi masa bulalar ya rasa yadda zai yi ya danne dariya.

Ni kaina na taɓa hawa irin wannan dandamali, kuma abin da ya same ni a kansa shi ne dalilin sunan wannan maƙala. An ba ni alƙali a wani wasa da muka ƙaga da kanmu, na shari'ar wani manomi da aka ce akuyarsa ta yi ɓarna a gonar maƙwabcinsa. Malaminmu ya sa aka samo auduga, aka jiƙa ƙaro, aka manna mini gemu fari fat har ƙirji, aka zaunar da ni bisa buzu a ƙarƙashin fitilar gas wadda zafinta ya isa ya dafa ƙwai. Ina tsakiyar tambayar shaidu, gumi yana tsiyaya ta ƙarƙashin rawani, sai na ji gefe guda na gemun ya saki yana reto. Na ɗaga hannu zan tallabe shi, muhutina ya kau da kai yana cizon leɓe, 'yan kallo na gaba suka fara motsi. To, yaron da ya fito a matsayin mai akuya, wani ɗan ƙauye ne shiru-shiru wanda tun da muka shiga makarantar ban taɓa jin ya ɗaga murya a aji ba, sai ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, a taimake ni a yanke hukuncin nan da wuri, tun gemun shari'a bai ƙare zuba ba." Ɗakin nan ya ruɗe da dariya har sai da aka dakata. Wannan magana ba ta cikin takardar da muka haddace, ba kuma wanda ya koya masa ita. Amma malaminmu, da yake mai basira ne, sai ya yi umarni a riƙa sassauta gemun da gangan duk ranar da za a maimaita wasan.

Kafin a ce wannan sabon abu ne da boko ya zo da shi, ya kamata a tuna cewa ɗan Bahaushe ya san kwaikwayo tun bai san allo ba. Yarinya tana aurar da 'yar tsanarta, ta yi mata gara da fasassun ƙore. In watan azumi ya kwana goma, yara sukan fita tashe gida-gida, wannan ya cusa tsumma a riga ya yi tumbi, wancan ya manna gemu ya dogara sanda ya zama tsoho, wani ya rataya layu da saiwoyi ya zama mai magani, kuma babu ɗaya daga cikin waɗannan da ba ya ɗauke da wani hannunka-mai-sanda ga manya. Bayan kaka samarin ƙauye sukan yi kalankuwa su naɗa wa junansu sarautu, a fada kuma akwai wasan gauta inda mata ke kwaikwayon sarki da hakimansa, 'yan kama kuwa sun daɗe suna ɗaukar salon karatun malamai suna yin wa'azin tuwo da shi. Abin da makaranta ta ƙara a kan wannan gado abu uku ne tak: rubutaccen matani, da dandamali mai labule, da 'yan kallo waɗanda suka zauna musamman domin kallo, ba waɗanda aka tarar a ƙofar gida ba.

Rubutun ya faro ne a cikin shekarun 1930, sa'ad da Dokta R. M. East, shugaban Hukumar Talifi a Zariya, ya fitar da wani ɗan littafi mai suna Six Hausa Plays, wato wasannin Hausa guda shida, domin malaman makarantu su ga yadda ake tsara labari a bakin mutane, wane ya ce, wance ta amsa, a raba shi fita-fita. Ashe ke nan rubutaccen wasan kwaikwayon Hausa a aji aka haife shi, kuma 'yan makaranta ne ungozomarsa. Sai dai abin da Bature ya nufa da shi motsa harshe da nishaɗi, bai daɗe ba ya faɗa hannun wanda ya ga wata fa'ida dabam a cikinsa. Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, ta koma Kaduna a 1938 kafin ta zarce Zariya a 1949 inda daga baya ta zama Barewa. A zamanta na Kaduna ne wani ɗalibi ɗan gidan malamai daga Kano, Aminu ɗan Malam Yusufu, ya shiga tsara wasanni yana shirya su da 'yan'uwansa ɗalibai. Sunayen wasannin kaɗai sun isa su nuna inda ya dosa: akwai Kai Wane Ne a Kasuwar Kano da Ba Za a Cuce Ka Ba, akwai kuma Ƙarya Fure Take Ba Ta 'Ya'ya. Ya tona yadda ake zambatar baƙauye in ya shigo birni, da yadda masu riƙe da jama'a ke danne talaka, a zamanin da faɗin irin wannan a fili, ba tare da rigar wasa ba, yana iya kai mutum gaban alƙali na gaske, mai gemun da ba ya saki. Da ya tafi koyarwa Midil ta Bauci a 1942 bai bar wannan hanya ba. Duk wanda ya san irin rawar da Malam Aminu Kano ya taka daga baya a siyasar Arewa, in ya waiwayi waɗannan wasanni, zai ga cewa mimbarinsa na farko teburin makaranta ne. Haka kuma Alhaji Maitama Sule, Ɗanmasanin Kano, wanda aka yi ittifaƙi a kan fasaharsa da balagarsa, ya yi suna wajen shirya wasa da ɗalibansa tun yana malami a Midil ta Kano.

A 1949 aka buga Wasan Marafa na Abubakar Tunau, wanda ya karkata ga tsabta da amfanin ilmi, daga nan kuma ƙofa ta buɗe. Shu'aibu Maƙarfi ya fitar da Zamanin Nan Namu a 1959 da Jatau Na Kyallu a 1960, bayan an saba da jin wasanninsa a rediyon Kaduna. Mohammed Sada ya zo da Uwar Gulma a 1968. Ibrahim Yaro Yahaya ya juya wani wasan Shekisfiya na Ingila zuwa Hausa a 1971 ya kira shi Daren Sha Biyu. Littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ma, wanda asalinsa zube ne, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasa. A ƙetaren iyaka kuwa, Yazi Dogo, wanda mutanen Nijar suka sani a rediyo da talabijin tare da 'yan wasan Damagaram, shi ma malamin makaranta ne tun asali. Galibin waɗannan littattafai sun yi yawo a makarantu har bangonsu ya yage, kwafi ɗaya a hannun yara goma, kowa ya kwafe nasa zancen a littafin rubutu ya tafi gindin darbejiya yana hadda kamar mai tilawa.

Yadda ake shirya wasan kuwa, shi ne wurin da tarbiyyar take, kuma shi ne abin da ɗan kallo ba ya gani. Akan fara da rabon matsayi, wanda a nan ne malami ke shan wahala, domin kowa sarki yake so ko attajiri, ba mai son ɓarawo, balle a ce makarantar maza ce a rasa wanda zai ɗaura zane ya fito a matar gida. Wanda ya yarda ya karɓi wannan, ya sani sunan zai bi shi har ya gama makaranta, wani ma har ya yi furfura abokansa na kiransa da shi in an haɗu wurin ɗaurin aure. Daga nan sai bita, kullum bayan la'asar, mako uku ko huɗu, malami yana tsaye can ƙarshen ɗaki yana cewa, "Ban ji ba, ɗaga murya! Kada ka juya wa jama'a baya! Kai dogari, in sarki na magana ba a sosa ƙeya!" A nan yaro ke gane cewa magana tana da lokacin shigarta, cewa in ya yi gaggawa ya tari numfashin abokinsa ya ɓata masa, in ya yi nawa kuma ya bar shi tsaye kamar gunki; ya koyi sauraro, wanda shi ne rabin ladabin majalisi. Akwai kuma rundunar da ba ta fitowa ko kaɗan: mai jan labule, da mai kula da fitila, da wanda ya bi gidajen malamai yana aron alkyabba da kandiri da tabarma, da mai tuni, wanda ke tsugune bayan zanen gado da takarda a hannu yana raɗa wa wanda hadda ta kuɓuce masa. Na sha ganin yaron da lissafi ya gagara, Turanci ya gagara, malamai sun sallama shi, amma ran wasa shi ne wanda in babu shi ba a ja labule.

Kiɗa da waƙa kuma su ne gishirin abin, ba don ado kaɗai ba. Tun da labulenmu ba ya rufe komai da kyau, kuma sauya fage daga fada zuwa kasuwa yana bukatar a ɗauke kujera a shimfiɗa buhu a jera ƙore, sai a sa mai kalangu da 'yan amshi su riƙe jama'a har a gama. Wani lokaci waƙar ce ke ɗauke da labarin, ta faɗi abin da ya faru tsakanin fita da fita, ko ta yi wa mugun cikin wasan zambo tun bai shigo ba. Makarantun 'yan mata sun fi mu a nan nesa ba kusa ba, domin su da gaɗa suka tashi, sun iya tafi, sun iya karɓa-karɓa, kuma in sun tashi nuna biki sai su kawo shi cif, daga kamu har zuwa buɗar kai, da kukan amarya da habaicin kishiya, har iyayen da suka zo kallo su riƙa duban juna. Abin da nake ƙi a yau, kuma ba zan ɓoye ba, shi ne a ɗauko lasifika a saka waƙar fim, a jera yara suna motsa baki a kan muryar wani. Wanda ya yi haka bai koya wa yaro waƙa ba, bai koya masa magana ba, ya dai koya masa tsayawa a inuwar wani.

To, ina matsayin malamanmu na addini a kan wannan al'amari? Mas'ala ce da aka yi saɓani a kanta, kuma bai kamata a yi mata riƙon sakainar kashi ba. Waɗanda suka ƙyamace shi sun ce lahawu ne mai shagaltarwa, akwai faɗin abin da bai auku ba, akwai tsoron izgili da giba in an kwaikwayi wani sananne, akwai cuɗanyar maza da mata, ga kuma hani da ya zo a kan namiji ya yi kama da mace; wannan na ƙarshe kuwa hujja ce mai nauyi a kan abin da muka riƙa yi a makarantun maza. Waɗanda suka ga halaccinsa sun ce buga misali hanya ce ta karantarwa wadda Alƙur'ani mai girma ya zo da ita, sukan kuma ambaci hadisin da Mala'ika Jibrilu ya zo a siffar mutum yana tambaya domin Sahabbai su koyi addininsu, suka ce ƙarya ita ce wadda ake nufin yaudara da ita, alhali ɗan kallo ya san mai rawanin nan ɗan aji biyu ne. Amma sun gindaya sharuɗɗa: kada a siffanta Annabawa, a girmama alfarmar Sahabbai, kada a yi wasa da ibada, a kiyaye sutura da kunya. A bisa waɗannan sharuɗɗa ne makarantun Islamiyya suka rungumi abin, har ya zamana a yau da wuya ka je walimar saukar Alƙur'ani ko taron Maulidi na ɗalibai ba ka ga an gabatar da tamsiliyya ba, ko muhawara tsakanin ilmi da dukiya, wani lokaci da Larabci tsantsa, ana tsakaita ta da ƙasida. A ganina Islamiyyu ne suka riƙe wutar nan a lokacin da ta yi sanyi a makarantun gwamnati, ko da yake ina da ƙorafi guda a kansu, wanda ya shafi na boko ma: wa'azin yakan yi yawa har ya danne wasan. In mugun yaro ya fito tun fitar farko an rubuta masa mugunta a goshi, nagari kuma ba ya ko tuntuɓe, to 'yan kallo sun san ƙarshe tun ba a je ba, sai hamma. Nasihar da ta shiga ta ƙofar dariya ta fi daɗewa a zuci bisa wadda aka karanto daga takarda.

Dalilan da suka sa wutar ta yi sanyi ba ɓoyayyu ba ne. Ajin da aka gina domin yara arba'in ya koma ɗaukar ɗari, malamin da zai tsaya bita bayan la'asar yana can yana neman abin da zai cike gibin albashi, makarantun kwana da yawa sun koma jeka-ka-dawo, wasu kuma an rufe su saboda tsaro, musamman bayan sace ɗalibai a Ƙanƙara a ƙarshen 2020 da Jangebe a farkon 2021. Wasan dare kuwa sai da kwanciyar hankali. Amma akwai dalilin da ya girmi waɗannan duka, wanda mu malamai da iyaye muka jawo da hannunmu, shi ne mayar da wasan kwaikwayo abin haddar jarrabawa. Yaro zai zayyana maka jigon Jatau Na Kyallu, ya kawo warwarar jigo da zubi da tsari da salon sarrafa harshe, ya ci maki mai kyau, alhali bai taɓa ganin Jatau, attajirin wasan, ya tsaya da ƙafafunsa yana toshe kunne ga masu ba shi shawara ba, bai taɓa jin yadda maganar Kyallu ke sauka a kunnen jama'a ba. Wannan daidai yake da a koya wa mutum hukunce-hukuncen tajwidi a takarda ba a taɓa sa shi ya buɗe baki ya karanta ba. Littafin wasa rabin abu ne. Sauran rabin yana jikin mai yi da idon mai kallo.

Kada kuma a ce fim ya wadatar. Gaskiya ne masana'antar finafinan Kano, wadda aka saba ƙirga farkonta daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, daga ƙungiyoyin dirama na dandamali ta tsiro, kuma da yawa daga dattawanta sun fara ne a makaranta. Sai dai fim abu ne da wasu ƙalilan ke yi dubbai na kallo, wasan makaranta kuwa na kowa ne, har da wanda ba zai sake hawa dandamali ba muddin ransa. Ba domin a fitar da taurari ake yinsa ba. Wanda ya taɓa tsayawa gaban mutum ɗari uku yana ɗan shekara goma sha huɗu, gwiwarsa na rawa, ya faɗi abin da zai faɗa har aka ji shi a bencin ƙarshe, gobe in ya zama liman ko malamin asibiti ko wakilin unguwa a gaban hukuma, harshensa ba zai sarƙe ba. Abokin nan nawa mai akuya, tun daga daren gemun auduga bai sake yin shiru a aji ba.

Saboda haka ina roƙon shugabannin makarantu, na boko da na Islamiyya, na gwamnati da na kuɗi, su ware yini ɗaya a kowane zango, ko da da rana ne in dare bai samu ba, a ƙarƙashin bishiya in babu ɗakin taro. Kada a jira kasafi daga ma'aikata, domin teburi huɗu da zanen gado da rawanin aro suna nan a kowace makaranta. A bar yara su ƙago labarin daga abin da suke gani a unguwarsu, layin famfo ne, ko rigimar gado, ko mai shagon da ke tauye mudu, malami ya tsaya a kan gyaran harshe da kiyaye ladabi kawai. Ku kuma iyaye, in takardar gayyata ta zo, kada ku aika ƙanin yaro ya wakilce ku; ku je da kanku ku zauna a gaba, inda zai gan ku in an ja labule.